Na ba da daɓen sitona an gurje: ga yadda aikin ya fito

Duk wanda ya taɓa ajiye riɗi a sito mai daɓen siminti ya san ciwon da zan yi magana a kai. Ka sa a share da safe, kafin azahar ƙasa ta sake yin fari fat. Ba ƙurar waje ba ce, daɓen ne da kansa yake marmashewa. 'Yan dako suna takawa, baro yana bi ta kai, ana jan buhu, shi kuma yana ta sakin gari. Garin nan ya hau buhu ya shige cikin saƙa, in kuwa an zazzage kaya a ƙasa don a sake tankaɗewa, to sai abin da hali ya yi. Mu da muke harka a Dawanau kayanmu ba a Kano yake tsayawa ba. Riɗi Legas yake nufa a loda shi zuwa Japan ko Turkiyya ko China, zoɓo kuma akasari Meziko, kuma wakilin mai saye in ya zo duba kaya ƙasa yake fara kallo kafin ya soki buhu.

Da farko tayil na so sa wa, sai na tuna yadda yake fashewa in aka dire masa nauyi, ga dattin da ke maƙalewa a tsakanin layuka. Wani maƙwabcina kuma ya yi fentin nan mai kauri da ake kira epoksi, ya yi kyau ƙwarai a watannin farko, amma da damina ta kankama danshi ya taso daga ƙasa, fentin ya kumbura ya riƙa ɓarewa falle-falle. Shi ya sa na koma ga masu gurzar kankare da inji su goge shi ya yi sheƙi. Ba zan kama sunan kamfanin ba tunda abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi. Ƙaramin kamfani ne, ogan aikin mutum ne mai natsuwa da kowa ke ce wa Injiniya, yaransa kuma matasa ne 'yan arewa. Aikinsu ya biya ni, kuma zan sake kiran su. Sai dai ba masu aikin da za ka miƙa wa makulli ka tafi kasuwa ba ne.

Abin da ya fara sa na yarda da mutumin shi ne zuwansa na farko. Bai zo da hotuna a waya yana nuna min gidajen Dubai ba. Guduma ya zo da ita, da guntuwar sarƙa, da wasu tsinkunan ƙarfe a cikin 'yar jaka masu lamba-lamba. Ya riƙa jan sarƙar a ƙasa yana saurare, daga ƙofa har ƙuryar sito. A mafi yawan wurin ƙarar tana fita tsaf, amma da ya iso bakin ƙofa inda tirela ke juyo da baya, sai sautin ya canza ya koma na abu mai rami a ciki. Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa da guduma, ya ɗago ya ce, "Alhaji, nan ba kankare ba ne, shafe ne. Yashi da siminti kawai aka lafta a kai, kuma ya riga ya rabu da na ƙasa. In na ɗora inji a nan tashi zai yi." Na ce to yaya za a yi? Ya ce a fasa a sake zubawa, a bar shi ya yi kwana 28 kafin inji ya taɓa shi, don a wannan lokacin ne kankare ke kai ƙarfin da ake lissafa masa. Da wani ne, da ya yi shiru ya karɓi kuɗin somin-taɓi, matsalar ta fito bayan ya tafi.

A ranar ya faɗa min wata magana da duk mai niyyar wannan aiki ya kamata ya riƙe. Injin ba ya ɗora komai a kan daɓe, cirewa yake yi. Yana cinye fatar sama mai rauni har ya isa inda kankaren yake da ƙwari, sannan a bi da gogewa. Saboda haka duk abin da birkila ya ɓoye a ciki ranar zubi, sai ya fito fili. Ya kuma bayyana min dalilin da ya sa daɓena ke gari, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gini zai gane gaskiyarsa. Leburori suna ƙara wa kwaɓi ruwa don ya yi sauƙin ja, ruwan ya taso sama, birkila ya barbaɗa busasshen siminti a kai ya lailaye da cokali. Ranar zai yi sumul, mai gini ya ji daɗi ya biya. Washegari ba wanda ya ba shi ruwa, in lokacin hunturu ne iska ta busar da saman tun bai kama ba. Wannan 'yar fatar ita ce take komawa gari shekara da shekaru.

Tsinkunan nan kuwa na gwada taurin kankare ne. Ya karce ƙasa da su ɗaya bayan ɗaya har ya ga wanda ya bar alama. Amfaninsa shi ne zaɓen haƙoran inji, kuma abin ya zo a juye da yadda na zata: kankare mai laushi haƙori mai taurin ƙarfe ake sa masa, mai tauri kuma a sa masa mai laushin ƙarfe. Dalili, ƙwayoyin lu'ulu'u ne a dashe cikin ƙarfen suke yin cin, kuma sai ƙarfen yana zaizayewa a hankali sababbin ƙwayoyi suke fitowa. Kankare mai laushi yashinsa yana cinye haƙori da sauri, mai tauri kuma sai ya dakushe shi ya bar shi yana zamewa a banza. Nawa ya faɗo a ɓangaren mai laushi, abin da bai ba kowa mamaki ba.

Ƙorafina na farko a kan wuta ne. Babban injin nasu nauyi gare shi, sai da ƙarti suka taru kafin a sauke shi daga mota, kuma wuta mai layi uku yake ci. Sitona layi ɗaya ne, janaretan da nake da shi kuma ko motsa shi ba zai yi ba. Wannan magana ba ta cikin takardar farashin da suka ba ni, ba kuma wanda ya ambace ta sai da inji ya iso ƙofa. Na tambayi Injiniya, ya ce ai ya ɗauka na sani. Ta ina zan sani? Ni riɗi nake sayarwa. Hayar babban janareta da dizal duka a kaina suka faɗo, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne idan aka yi la'akari da cewa injin wuni yake yi yana aiki. Wanda zai ba da irin wannan aiki ya sa a rubuta a takarda wa zai kawo wuta, tun kafin a yi maganar kuɗin murabba'in mita.

Da aka tayar da inji da haƙori lamba 30, wanda shi ne mafi kaushi a cikin waɗanda suka kawo (lamba tana hawa, kaushi yana raguwa), ƙarar kaɗai ta isa ta kori mutum. A ƙarƙashinsa fayafayai uku ne suke juyawa, babban faifan da ke riƙe da su shi ma yana juyawa, mai tuƙi yana tura shi a hankali taku bayan taku, ya je ya dawo, sannan ya sake bi a gicciye. Sun zo da injin zuƙe ƙura, amma ya yi wa aikin kaɗan, kuma matatarsa ta toshe tun kafin rana ta yi tsaka. Na leƙa na tarar ba a ganin ƙarshen sito, yaran kuwa ɗaya ya ɗaure hanci da hankici, ɗayan ko wannan babu, girarsa da gashin bakinsa sun yi fari. A nan na tsayar da aiki. Ƙurar kankare ba irin ƙurar hanya ba ce, garin yashi da dutse ne mai ɗauke da silika, in ta zauna a huhu ba ta fita, kuma cutar da take jawowa ba ta da magani. Na ce, "Injiniya, yaran nan 'ya'yan wasu ne. Ko ka samo musu takunkumi na gaske, ko a canza hanya." Ya ɗan ɓata rai, amma bai yi musu ba. Aka koma gurza da ruwa, aka aika aka sayo takunkumi mai matata.

Gurza da ruwa tana kashe ƙura, sai dai tana haifar da nata aikin. Garin yana haɗuwa da ruwa ya zama caɓi mai kauri, toka-toka, kuma yana cin fata in ya daɗe a jiki, shi ya sa takalmin roba ya zama dole. Yaran sun so su tura shi cikin kwatar da ke gaban layinmu. Da an bar su, da ya daskare a ciki, damina na zuwa ruwa ya koma sitocin mutane, ni kuma a bar ni da maƙwabta. Muka haƙa rami a bayan gini aka riƙa kwashewa da bokiti ana zubawa, ya bushe aka kwashe. Wannan ma ba su zo da shirinsa ba.

Bayan an wanke zagayen farko ne na ga ainihin daɓen da na shekara ina takawa. Inda ƙasa ta yi tudu inji ya ci da yawa, tsakuwa ta fito manya-manya a yanke, baƙa da fara da ja-ja, har ta so ta yi kama da tarazon tsofaffin makarantu da asibitocin gwamnati. Inda ta yi kwari kuwa da ƙyar ya taɓa, sai ɗigo-ɗigon yashi kawai. Ga tsaga guda ta ratsa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ga kan ƙusa ya fito yana ƙyalli, ga wani wuri da aka ga alamar guntun katako da ya faɗa cikin kwaɓi tun ranar zubi. Injiniya ya ce ana iya ci gaba da ci har tsakuwa ta fito bai ɗaya ko'ina, amma kuɗi zai ƙaru sosai, haƙora za su ƙare. Na ce a bar shi haka, sito ne ba falo ba. Mai son ƙasa launi guda ba tabo, wannan aikin zai ɓata masa rai a tsohon daɓe, gara ya sani tun yanzu.

Sun cike tsagar da wani haɗi mai kama da danƙo, ƙananan ramuka kuma suka kwaɓa garin gurzar da wani ruwan gam suka shafe. Ramukan sun ɓace sarai. Tsagar tana nan ana ganin ta, launinta ya fi na gefe duhu, amma lafiya lau take, baro yana wucewa ba ya jin ta. Daga nan suka bi da lamba 80, sannan 150, kowanne yana share karcen wanda ya gabace shi.

Matakin da na fi jin na ci kuɗina shi ne na ruwan ƙarfafawa. Ruwa ne garai-garai mai sinadarin silikat, nasu na litiyam ne, suka fesa suka baza da tsumma mai sanda, suka bar ƙasa ta sha. Yana shiga ƙofofin kankare ya haɗu da ragowar farar ƙasar da siminti ke bari bayan ya kama, su zama abu mai tauri da ke toshe ƙofofin daga ciki. Ya tuna min da makubar da kakanninmu mata suke yayyafa wa daɓen ɗaki suna bugawa da madaɓi, ƙasa ta sha ta yi ƙarfi ta daina tashi. Kashegari na ciro makullin mota na karta a wurin da aka sa, na karta a lungun da ba a kai ba. A lungun sai ga farin layi da gari, a inda aka sa kuwa makullin zamewa ya yi. Ban ƙara tambayar ko maganin yana aiki ba.

Sauran aikin gogewa ne da fayafayan roba masu lu'ulu'u, ana farawa daga 100, a je 200, 400, in ana so a wuce 800, 1500 har 3000 inda mutum zai ga fuskarsa a ƙasa. Injiniya ya so mu kai ƙarshe, ina jin don ya samu hoton talla. Na tsaya a 400 a cikin sito, ɗan ofishin da ke gefe aka kai shi 800. A 400 ƙasa tana da santsin taɓawa da ɗan haske mai laushi, ba ta ɗaukar ido, kuma jan buhu ba ya nuna mata. Sheƙin da ya wuce haka a wurin da ake sauke tirela asarar kuɗi ne.

A nan ne kuma na kama wata 'yar dabara. Wata rana da yamma bayan sun tashi, na kunna fitilar waya na kwantar da ita a ƙasa, haske ya bi daɓen a kwance. A rabin sito na ciki sai ga zane-zanen da'ira birjik, siraran karce da ba a gani da rana in kana tsaye. Rabin waje kuwa babu. Da safe na nuna wa Injiniya. Ya kira yaron da ya yi wurin, ashe daga 100 ya tsallake zuwa 400 don a gama da wuri. Faifai mai laushi ba ya iya share karcen da ya fi ƙarfinsa, sai dai ya goge samansa ya bar shi a ciki. Ya sa aka koma baya aka sake, bai nemi ƙarin ko sisi ba, kuma ban ji ya yi wa yaron tijara a gabana ba, wanda hakan ya ƙara masa daraja a idona. Gwajin fitilar nan kowa zai iya yi, kuma a yi shi kafin a biya.

Inda suka gaza har yau shi ne gefe. Babban inji ba ya kaiwa jikin bango, yana barin kamar faɗin tafin hannu, haka ma kewayen ginshiƙai. Wannan da ƙaramin injin hannu ake yi, irin na masu walda, mutum a durƙushe, kuma dole ya bi duk lambobin da babban inji ya bi. Aiki ne mai cin rai, sai suka bar wa ƙaramin cikinsu. Sakamakon shi ne wani zobe da ya zagaye sito, launinsa daban, hasken daban, a gindin ginshiƙai biyu ma har da 'yan kwarurruka inda hannunsa ya danne. Buhuna suna rufe mafi yawansa, amma a ofis yana nan a fili, duk wanda ya zauna idonsa sai ya kai.

Yanzu an yi kaka an yi damina a kansa, ga abin da na gani. Garin nan ya ɗauke ɗif. Yaro ɗaya yana share sito da tsintsiya mai laushi cikin ɗan lokaci, riɗin da ya zube ana kwashe shi tsaf a mayar, ba ya haɗuwa da siminti. Sito ya ƙara haske da ƙwayayen fitilar da suke nan tun da, don ƙasa tana mayar da haske sama. Danshin damina bai yi masa komai ba, tunda ba wani fenti a kai da zai ɓare. Ɓera ma in ya shiga kashinsa a fili yake, ana ganewa da wuri.

Amma yana da halinsa. In ƙasa a bushe take kuma a share, ba ta da santsin da ake tsoro. Matsalar ita ce ƙwayar riɗi. In ta warwatsu a kan daɓe mai sumul, ɗan dako ya taho da buhu a ka ya taka, ƙafa tafiya take yi. Wani yaro ya sha ƙasa a makon farko, Allah ya kiyaye bai ji ciwo ba, tun daga nan doka ce a share hanya kafin a fara lodi. Ruwa ma haka, in an yi wanki sai ta bushe ake shiga. Sai kuma zoɓo. Wani buhu ya jiƙe daga ɗigon rufi ya kwana a ƙasa, da aka ɗaga sai ga jan tabo, kuma wurin ya dushe, domin zoɓo tsami gare shi, tsami kuwa cin kankare yake yi komai gogewarsa. Jan ya ragu da wanki, dushewar tana nan. Baƙin mai daga injin tankaɗe shi ma yana shiga in ba a goge da wuri ba. Akwai wani ruwan kariya da ake shafawa a ƙarshe don rage shan tabo, an sa a ofis, a sito na ce a bari saboda jan kaya zai cinye shi. Kada kuma wanda ya kuskura ya wanke irin wannan daɓe da ruwan wankin tayil ɗin nan mai ƙarfi da ake sayarwa a jarka. Ruwa da ɗan sabulu marar kaifi sun wadatar.

Batun kuɗi, da murabba'in mita suke lissafi, kuma farashin yana hawa gwargwadon lambar da aka tsaya da yawan tsakuwar da ake so ta fito. Ba zan rubuta adadi ba don kafin wani ya karanta ya canza. Abin da suka nema a takarda ya yi kusa da abin da tayil matsakaici zai ci har da kuɗin mai sawa, amma da aka haɗa janareta, dizal, sake zubin bakin ƙofa da kwanakin da sito ya yi ba kowa, ya haura. Kwashe kaya gaba ɗaya dole ne, saboda haka a yi shi kafin kaka, lokacin da sito yake fayau. Ga shago, sito, gareji ko zauren taro, ina ganin ya dace. Ga wurin alwala ko banɗaki ban ba da shawara ba. Masu tsohon tarazo a gida da ya dushe kuma, kada su yi saurin rufe shi da tayil, irin wannan injin yana dawo da shi.

Akwai sabon sito da nake ginawa a baya, kuma wannan karon na haɗa Injiniya da birkila tun kafin a zuba. Ya ce a shimfiɗa leda a ƙasa, a yi kwaɓin buhu ɗaya na siminti da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, kada a cika ruwa, kada a barbaɗa busasshen siminti a sama, a yanka layuka da wuri don tsaga ta bi ta cikinsu, a kuma yi ta ba shi ruwa har mako guda. Dattijon birkilan ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake zuba kankare." Injiniya ya ce, "Haka ne Baba, shi ya sa nake so in na gurje a ga aikinka." Dattijo ya yi dariya, ya ce a ƙaro masa lebura ɗaya don kwaɓi mai ƙarfi wuyar ja gare shi. Na ƙara masa.

Ragowar kuɗin aikin farko kuwa suna hannuna har sai an gyara gindin ginshiƙan nan biyu da gefen ofis. Injiniya ya ce in sun zo gurzar sabon sito zai durƙusa ya yi da hannunsa.